Telolin Wasannin Gem

Duk wanda ya yi zaman shagon gem a ƙuruciyarsa ya san musun nan da ba ya ƙarewa: Sega ce gaba ko Nintendo? Muna ta jayayya, ba mu san akwai waɗanda abincinsu ke nan ba, wato su ɗauko wasan da aka ƙera wa wata na'ura su sake masa ɗinki har ya shiga wata. Ni teloli nake ce musu, irin wanda za a kawo wa babbar rigar uba a ce ya fitar wa ɗa da tasa a ciki, kuma kada askar ta lalace.

Wahalar tana cikin na'urorin. Mega Drive ta Sega, wadda ta fito a Japan a 1988, ƙwaƙwalwarta Motorola 68000 ce mai gudun megahaz 7.6, amma launukan da take nunawa a lokaci guda ba su wuce 64 ba. Super Nintendo ta 1990 gudunta bai kai rabin haka ba, sai dai tana nuna launi 256. Ta Sega ga sauri ba ado, ta Nintendo ga ado ba sauri. Ko abin riƙewa ma matsala ne. Street Fighter II maɓalli shida yake so, na Sega na asali kuwa uku gare shi, sai aka sa Start ya riƙa sauya naushi da shuri.

Saboda haka gwanintar mai wannan sana'a tana wajen sanin abin da zai zubar. Lokacin da Randy Linden ya kai Doom kan Super Nintendo a 1995, ba shi da asalin rubutun manhajar wasan. Sai ya rubuta nasa injin daga tushe, ya jingina da ɗan guntun Super FX da aka dasa cikin kaset ɗin. Zanen daɓe da na rufi ya tafi, dodannin kuma kullum gabansu kawai ake gani. Duk da haka, wanda ya kunna ya san Doom yake yi, kuma a ganina nan ne aikin ya ci sunansa.

Rebecca Heineman ba ta samu wannan sararin ba. Mako goma aka ba ta ta kai Doom kan na'urar 3DO, dole ta ƙanƙance allon don hoton ya daina sarƙewa, kuma har yau ana yi wa wannan fitowar dariya. Laifin tela ne, ko na wanda ya kawo ɗinki ana gobe Sallah?

A 1999 kuma Angel Studios suka matse Resident Evil 2, wasan faifai biyu na PlayStation, cikin kaset ɗin Nintendo 64 mai megabait 64, da muryoyinsa da bidiyoyinsa, ko da yake hoton bidiyon ya ɗan dusashe.