Harbin kibiya a tudu da gangare: me ya sa take wucewa ta sama?

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu da suka gaji kwari da baka, a fili suka koyi harbi. Ƙasar Kano, Katsina ko Haɗeja galibi shimfiɗaɗɗiya ce, kai da abin da kake bara kuna tsaye a daidai wa daida. To sai neman abinci ya kawo mutum irin su Idanre ta jihar Ondo, ko Ekiti, ko Inugu, inda da wuya ka yi tafiyar minti goma a daji ba ka hau ko ka gangara ba. Nan ne za ka ji gwani yana ƙorafin wai hannunsa ya lalace, ko an yi masa baki. Alhali lissafi ne kawai ya canza.

Abin da aka fi ɗauka shi ne, in dabba tana sama sai ka ɗaga saiti, in tana ƙasa sai ka sauke. Rabin maganar ce gaskiya. Ko sama kake harbi ko ƙasa, kibiya sama take wucewa, don haka a duka biyun sauke saiti ake yi.

Ga dalili. Ƙasa tana janyo komai zuwa gare ta a miƙe. In ka yi harbi a fili, duk wannan ja yana tafiya ne wajen lanƙwasa hanyar kibiya, shi ya sa hannunka ya saba ɗagawa kaɗan in abu yana nesa. Amma a kan tudu ko gangare, jan ya rabu biyu: wani kaso yana rage wa kibiya gudu ko ya ƙara mata, sauran ne kaɗai ke lanƙwasa ta. Ka ɗauka ka harba ta sama sak, ai ba ta lanƙwasa ko kaɗan, miƙe take tafiya har ta dawo. Kai kuma ka ɗaga hannu irin yadda ka saba a fili, kun ga dole ta tsallake.

Wato nisan da idonka yake gani ba shi ne abin lura ba. Ku duba tsani da aka jingina da bango. Tsawon tsanin daban, tazarar da ke tsakanin ƙafarsa da gindin bangon daban, kuma wannan ta biyun ce kibiya ta sani. Wanda bai manta lissafin sakandare ba zai tuna kosain, shi ne dai wannan. In abin yana nisan mita 40 a karkatar digiri 30, ka harba kamar yana mita 35. A digiri 45, kamar mita 28. A digiri 60, mita 20 cif, rabi ke nan. In karkatar ba ta wuce digiri 10 ba kuwa, kada ma ka wahalar da kanka, bambancin bai kai mita ɗaya ba. Ga mai hawa bishiya ya jira dabba: kana sama mita 6, gada tana mita 8 daga gindin bishiyar, idonka zai ga 10, amma na 8 za ka harba.

Akwai ɗan bambanci tsakanin hawa da gangara in nisan ya yi yawa, musamman da bakanmu na gargajiya da ba shi da gudun na zamani. Mai hawa tana rasa ƙarfi a hanya, don haka ba a sauke mata saiti kamar mai gangara. A kusa, ɗaya suke.

Ni a ganina, tsayuwa ta fi lissafin ɓata wa mutane harbi. Mutum zai tsaya ƙyam, ya sauke hannun da ke riƙe da baka kawai, ko ya ɗaga shi. Da ka yi haka jan tsirkiya ya canza, inda take tsayawa a fuskarka ya goce, idonka da kan kibiya sun daina tafiya a layin da suka saba. Yadda ya kamata, ka fara ja kamar abin yana gabanka a fili, kafaɗu da hannaye a layi ɗaya, sannan ka karya daga ƙugu, sama ko ƙasa. In kana tsaye a gefen tudu kuma, ka lura baka yana son karkata ba ka sani ba, sai kibiya ta tafi gefe.

Jikin dabba ma sai an sake duba shi. In kana sama da ita, kibiya daga baya take shiga ta fita ta ciki, to wurin shiga sai ya ɗan hau sama a kan haƙarƙari kafin ta ratsa huhu. Kada a rikice: nisa ake ragewa, wurin da ake so ta shiga ne yake hawa.

Harbin sama kuma yana da hatsarin da ya fi asarar nama. Kibiyar da ta tsallake kan tudu ba ka san inda za ta sauka ba, kuma a nan Kudu bayan kusan kowane tudu gonar rogo ce ko ta koko, da mutane a ciki. Bayan abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal, kowa ya san yadda ake kallon Bahaushe mai makami. In bayan dabbar sararin sama kake gani ba ƙasa ba, ka bar ta ta tafi.

Mai son hannunsa ya saba, ya cika buhu da dusar katako, ya ajiye a gangaren da babu mutane. Ya harba biyar daga sama, ya kai buhun sama ya harba biyar daga ƙasa, ya riƙa duba inda suke taruwa.