Inji Ɗaya Ko Biyu: Lissafin Masu Fito Bayan Tsadar Fetur

Ƙasar Sule Tankarkar ba ƙasar kogi ba ce. Daga can har Gumel da Maigatari da Gagarawa rairayi ne da rijiyoyi masu zurfi. Amma mutanenta matafiya ne. Ɗan ci-rani da ya nufi Baga, da mai sarin bandar kifi a Hadeja ko Nguru ko Yawuri, duk wata rana sai sun shiga hannun mai fito. Don haka maganar injin da ke maƙale a bayan jirgi ta shafe su, ko da ba su taɓa riƙe filafili ba.

A Turai da Amurka, masu ƙananan jirage sun daɗe suna gardama kan ko a ɗora inji biyu ko a wadatu da ɗaya babba. Hujjar masu son biyu a fili take: in ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai kai ka gaɓa, kuma jirgin ya fi sauƙin juyawa a matsi. A ruwayenmu kuwa akalar ta karkata wani gefen: katakon jirgi sai ƙara girma yake yi, kaya sai ƙaruwa, inji kuma ɗaya tilo, sau da yawa ma kwance aka sayo shi.

Dalilin farko aljihu ne. Injinan Yamaha Enduro da suka cika mashigai shigo da su ake yi, da dala. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kafin nan, ranar 29 ga Mayu 2023, an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙetare 1,000. Inji mai ƙarfin doki 40 yakan sha kusan lita 20 a awa idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya, ga baƙin man da ake haɗa masa a fetur. Wanda ke fama da ciyar da ɗaya, yaya zai yi da biyu? Abin da ya rage masa shi ne ya rage sawu ya ƙara lodi, ya jira har jirgi ya cika maƙil kafin ya ja igiya.

Akwai kuma dalilin ƙira. Injina masu doki 40 guda biyu sun haura kilo 140, alhali mai doki 75 guda ɗaya bai kai 120 ba. Farfela biyu a cikin ruwa sun fi jan jirgi baya, saboda haka mai ya fi tafiya. Fulogi da kafireta da kuɗin bakanike duk ninki ne. Jirgin katako kuma bayansa siriri ne, ba a sassaƙa shi don ɗaukar wannan nauyi ba.

To, wace asara ake yi da rashin na biyun? Nan ne ya kamata a dubi haɗurran da aka sani. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta Kebbi ya dare a kan ruwa ɗauke da mutum fiye da 150. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya nitse a madatsar Watari da ke Bagwai a Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi aka zarga. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, jirgin 'yan biki ya daki kututture cikin dare, sama da mutum 100 suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Babu ɗaya cikin waɗannan da inji na biyu zai hana. Nauyinsa ma ƙara danne bayan jirgin zai yi. Abin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke nanatawa, wato rigar ruwa da hana tafiyar dare da ƙayyade lodi, ya fi kusa da ciwon, sai dai mashigai sun fi jami'anta yawa nesa ba kusa ba.

Ba ina cewa mutuwar inji wasa ba ce. A ambaliyar Oktoban 2022, a Ogbaru ta jihar Anambra, rahotanni sun ce injin jirgi ne ya tsaya, ruwa ya ja shi ya buga da gada, gomman mutane suka halaka. A kogin Kwara lokacin cikarsa, ko a faɗin tafkin Kainji idan iska ta taso, filafili ba ya ja da ruwa. A irin nan inji na biyu yana da rana.

Ko a can ɗin, a ganina, ba tagwaye ake buƙata ba. Ƙaramin inji mai doki 15 da za a ɗaure a gefe ya isa ya riƙe kan jirgi har gaɓa, ba ya kuma shan komai sai an tashe shi. Sharaɗinsa biyu ne. Dole ya kasance da jarkarsa daban, domin abin da ya fi kashe inji shi ne mai mai ruwa ko datti, irin wanda ake yawan samu a hannun 'yan bumburutu, kuma injina biyu da ke sha daga tanki ɗaya tare za su mutu. Dole kuma a riƙa tayar da shi a kai a kai, don injin da ya yi wata biyu a kwance ba ya amsa igiya ranar da ido ya raina fata.

A fadamun Hadeja da Nguru lissafin daban ne. Ruwan ba shi da zurfi, kachalla ta toshe hanyoyi da yawa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, ciyawa da tsohuwar koma na naɗe farfela. Mai fito a Guri ko Kirikasamma yakan ɗaga injinsa ya koma gora fiye da sau ɗaya a tafiya guda, kuma kuɗin da zai zuba a inji na biyu zai sayi rigunan ruwa ga duk fasinjansa, ya rage na sauya katakon da ya ruɓe.