Injin da ke shan baƙin mai: Aibin ɓoye da haƙƙin mai saye

 

Duk ranar Juma'a, motoci da babura da Adaidaita Sahu kan taso daga Indabo da ƙauyukan kewayenta su nufi kasuwar Wudil, wasu ɗauke da hatsi, wasu da awaki. Ababen hawan nan ba da kuɗin banza aka saye su ba: wani sa ya sayar, wani gona ya jinginar, wani kuwa har yanzu biya yake yi duk mako. To, sai ga shi bayan 'yan makonni mai abin hawa ya lura kullum cikin cikon baƙin mai yake, alhali lokacin juye bai yi ba. Ya koma wurin wanda ya sayar masa, a ce masa ai kowane inji yana shan mai, ko kuma a nuna masa ƙasan rasit inda aka rubuta cewa kayan da suka fita ba sa dawowa. Mafi yawanmu a nan muke haƙura, mu ce ƙaddara ce. Amma malamanmu na fiƙihu sun tanadi babi guda kan irin wannan, wato zaɓin aibi: damar da mai saye ke da ita idan ya tarar da lahanin da ba a bayyana masa ba.

Kafin a kai ga hukunci, dole a tabbatar da aibin, domin gaskiya ne kowane inji yana ƙona ɗan mai kaɗan. A tsayar da mota a wuri mai bai-ɗaya, a kashe ta, a jira mintoci kaɗan mai ya koma ƙasa. A zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. A rubuta inda man ya tsaya, da kwanan wata, da adadin kilomitar da motar ta nuna. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin zanen sama da na ƙasa a jikin geji kimanin lita ɗaya ne. Wanda ya yi haka sau uku ko huɗu ya riga ya mallaki abin da ya fi rantsuwa a bakin gareji ƙarfi.

Daga nan sai tambayar inda man ke tafiya. Ko dai zuba yake yi, ko ƙonewa. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji a bar shi ya kwana. Ɗigon da aka gani da safe zai nuna yoyo, kuma gyaransa galibi mai sauƙi ne. Idan kwali ya tashi a bushe, sai a koma bakin salansa. Hayaƙi shuɗi da ke fita idan an tayar da mota da safe, sannan ya ɗauke, yakan nuna robobin bawul sun saki. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur ya fi nuni ga ringi da fistin, kuma wannan shi ne mai tsada, domin sai an buɗe inji. Baƙin hayaƙi maganar fetur ce, ba ta baƙin mai ba. Fari mai kauri kuwa, idan ruwan lagireto yana raguwa kuma man ya koma launin shayi da madara, gaskit ne ya ƙone. Bakanike na gari zai kwance fulogi ya duba ko sun jiƙe da mai, ya auna matsin kowace silinda, ya kuma duba ɗan bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji, wanda toshewarsa kaɗai kan sa mota shan mai, ga shi ba shi da tsada.

Ba kowane lokaci laifin direba ba ne. A 2011 kamfanin Toyota ya sanar da dilolinsa na Amurka cewa wasu motocinsa masu injin 2AZ-FE, ciki har da Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 da RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2008, na iya shan mai fiye da kima, kuma gyaran shi ne sauya fistin da ringi. A 2015 ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Abin koyi shi ne yadda ake gwajin: dila ya cika mai, ya liƙe marfi yadda ba za a buɗe ba a gane ba, mai mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,900, a dawo a auna. Idan ta sha sama da kusan lita ɗaya, gyara ya hau kan kamfani. Irin waɗannan motoci sun cika titunan Kano a matsayin 'yan Kwatano, sai dai wa'adin ya daɗe da wucewa, kuma da ma don kasuwar can aka yi shi. Wanda ya sayi ɗaya a yau, maganarsa tsakaninsa da wanda ya sayar masa ce.

A nan ne hadisin dabbar da aka ɗaure wa hantsa ke zo mana a rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) hanin tara nono a hantsar raƙuma ko akuya don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wanda aka yi wa haka, bayan ya tatsa, yana da zaɓin riƙe ta ko mayar da ita tare da sa'i guda na dabino, kuma a wata ruwaya ta Muslim an ba shi kwana uku. Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ya san ma'anar wannan. Mu kuwa ba mu ga bambanci ba tsakaninsa da mai ɗura wa inji mai mai kauri ko sinadarin danne hayaƙi kafin mai saye ya iso. Duka biyun aibi ne da ido ba ya gani sai an kwana biyu ana amfani.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta bai wa wanda ya tarar da tsohon aibi zaɓi biyu: ya riƙe kayan haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma wani lahani mai ɓarna ya sake samun kayan a hannunsa, yana iya riƙewa ya karɓi ragin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya tawaya a wurinsa. Ragin kuwa ba kuɗin bakanike ba ne: ana kimanta motar da lafiyarta, a kimanta ta da aibin, in aibin ya cinye kashi ɗaya cikin goma na darajarta, a mayar masa da kashi ɗaya cikin goma na abin da ya biya. Sharaɗin barranta daga aibi, a wurin malaman Malikiyya, ba ya kare mai sayarwa daga abin da ya sani ya ɓoye.

Sai dai akwai wuri biyu da haƙƙi ke suɓucewa, kuma a nan muke yawan faɗuwa. Na farko, idan aka yi jayayya kan ko aibin tsoho ne ko a hannun mai saye ya faru, masana sana'ar ake komawa gare su. In ba su goyi bayan mai saye ba, maganar mai sayarwa ake ɗauka tare da rantsuwa. Jabun mai, da wuce lokacin juye, da yagaggiyar filtar iska da ke barin ƙurar hunturu ta shiga silinda, duk suna cinye ringi, kuma dila zai fara da su. Wanda ya sayi sabon babur ko Adaidaita Sahu da takardar garanti, to ya karanta sharuɗɗanta tun ranar farko, ya yi juye a kan lokaci a inda aka ayyana, ya adana kowane rasit, kuma kada ya bari a kwance injin a wani wuri kafin wakilin kamfani ya gani. Na biyu, wanda ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da lodi, malamai na ɗaukar hakan a matsayin yarda. Ga shi kuma shan mai ba ya tabbata sai an yi tafiya. Mafita ita ce a fara sanar da mai sayarwa a gaban shaidu ko a rubuce, sannan a yi gwajin da saninsa, irin na liƙe marfi da muka ambata. Ba sai mun faɗa ba cewa tsiyaye man a asirce don gwaji ya nuna aibi algus ne iri ɗaya da na mai ɗaure hantsa.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mai saye haka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba da damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya kamata cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a musanya, ko a dawo da kuɗi. Jihar Kano ma tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye. Mutumin Indabo da sulhu ya gagara tsakaninsa da dila yana iya kai kokensa can, ko gaban alƙali a Wudil, riƙe da rasit, da takardar garanti in akwai, da littafin da ya riƙa rubuta awon geji, da sunayen shaidun da suka ga an liƙe marfin.