Maganar Turanci Mai Haɗa Kan Jama'a

Darasinmu na yau a kan wata magana ce ta Turanci, wadda ku kan ji a rediyo ko a bakin malamin gona. Ita ce "bring together". Ana faɗinta kamar haka: birin tugeda.

Kalmomi biyu ne. "Bring" shi ne kawo, "together" kuwa tare. Amma in an gama su ma'ana ta kan faɗaɗa. Nufinsu a tara mutane wuri ɗaya, ko a haɗa kansu, ko kuwa a shirya waɗanda suka ɓata.

Ga misali. Shanu sun shiga gonar wani, faɗa ya tashi. Dagaci ya kira manomi da makiyayi, aka biya ɓarna, suka yi musafaha. Da Turanci sai a ce, "He brought them together." Wato ya shirya su. "Brought" ita ce "bring" in abin ya riga ya wuce. Ku lura, "them", wato su waɗanda aka shirya, tsakiyar kalmomin biyu ta ke zama.

Har ƙasashe a kan faɗa wa haka. A shekarar 1914 Gwamna Lugga ya gama Arewa da Kudu suka zama Nijeriya ɗaya. Nan ma "brought together" za a ce.

Akwai 'yar'uwarta, "come together". "Come" shi ne zo. Ga bambancinsu. Ta fari sai da mai tarawa. Ta biyu kuwa mutane ne suka taru don kansu, kamar samari in sun shirya gyaran hanyar kasuwa ba wanda ya sa su.

To, ina amfanin sanin wannan? A ce takarda ta zo garinku daga ofishin gona, an rubuta, "Bring the farmers together on Monday." Nufi a tara manoma ran Litinin. In ba mai ganewa, malami ya zo ya tarar ba kowa, ya wuce gaba da takinsa da irinsa. Hasarar wa ke nan? Taku.

Saboda haka ku riƙe ta da kyau, ku kuma yi aiki da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "bring together"?
2. Ina bambancinta da "come together"?
3. Wa ke shirya mutane a garinku in sun ɓata?