Kiɗan jita marar waƙa: dalilin da gardamar Fender da Gibson ta ƙi ƙarewa

A watan Yunin 2019, a zauren gwanjo na Christie's da ke birnin New York, an sayar da wata baƙar jita da ta sha jiki, fentinta duk ya kakkarce, a kan dala miliyan 3 da dubu 975. Mai ita, David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, ya saye ta ne a 1970 a wani kanti a wannan birnin, kuma ya yi ta sauya mata sassa har wuyanta na asali bai kai ranar gwanjon ba. Ƙirar Fender Stratocaster ce, irin wadda kamfanin ya ƙera dubbai. Abin da aka biya wa kuɗin shi ne sautin da ta bari a kunnen duniya, musamman a faifan ƙungiyar na 1975, inda a waƙar "Shine On You Crazy Diamond" ake shafe fiye da minti takwas jita na magana a hankali kafin wani mahaluki ya buɗe baki.

Ga kunnen Bahaushe wannan baƙon al'amari ne. A wajenmu kiɗa ɗan rakiyar magana ne: kuntigin Ɗanmaraya Jos yana share wa baitinsa hanya, kalangun Shata suna amsa masa, ko taken da ake busa wa sarki da algaita kalmomi ne a ɓoye, wanda ya san su yana jin su. Saboda haka idan aka sa wa mutum kiɗan jita zalla, mai tafiyar hawainiya, tambayarsa ta farko ita ce, yaushe za a fara waƙar? Amma ma'aikacin da ke baro Mararaba ko Kubwa da sassafe ya kwashe sa'a guda a cunkoso, da wuya a ce bai taɓa jin irinsa ba. Shi ne ke gudana a bayan shirye-shiryen tarihi na talabijin da tallace-tallace, shi ne kuma wasu ke sawa a kunne a ofis domin ba ya jan hankali daga takarda kamar yadda kalmomin waƙa ke yi.

Ƙa'idar wannan kiɗa ba ta da wuyar faɗi. Makaɗi yana taɓa tsirkiya kaɗan, ya bar kowane amo ya yi tsawon rai, sannan ya bi da shi ta na'urar da ke maimaita sauti kamar amsa-kuwwar dutse, ko wadda ke sa a ji kamar a ƙaton zaure ake kaɗawa. Wuyar tana wajen haƙuri. Mai kiɗa da sauri yana iya ɓoye kuskure a cikin tururuwar sautuka. Wanda ya saki amo ɗaya ya bar shi daƙiƙa biyar a iska ba shi da mafaka.

Salon ya girmi Pink Floyd. A 1959 wasu 'yan'uwa biyu daga Brooklyn, Santo da Johnny, suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka da "Sleep Walk", wanda aka kaɗa da jitar da ake kwantarwa ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Shekara guda bayan haka ƙungiyar The Shadows ta yi mako biyar a saman jadawalin Birtaniya da "Apache". Makaɗinta, Hank Marvin, yana riƙe da jar Stratocaster da mawaƙi Cliff Richard ya yi masa oda daga Amurka, ya haɗa ta da wata na'urar amsa-kuwwa ƙirar Italiya. Samarin Ingila da yawa da suka zama manyan makaɗa daga baya sun ce a hannunsa suka fara ganin abin da suke so su zama. A ƙarshen 1968 Fleetwood Mac ta fitar da "Albatross" na Peter Green, kiɗa mai lumshi kamar igiyar ruwa da dare, shi ma ya kai matsayi na ɗaya.

A irin wannan kiɗa ne gardamar wace jita ta fi take da ma'ana, domin idan amo ya tsaya shi kaɗai, ƙirar abin da ya fitar da shi tana bayyana. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da ke ƙara sauti kamar garaya ko gurmi. Gungumen katako ce kawai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiya na rawa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, ita ce ke tafiya ta waya zuwa amfilifaya ta fito a lasifika. Yadda aka yi wannan naɗi shi ne kan gaba wajen bambanta murya da murya.

Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kaliforniya, wanda bai iya kaɗa jita ba, ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954. Ya ƙera su kamar yadda ake haɗa inji: wuya daban, jiki daban, a ɗaure da kusoshi, in wani sashe ya lalace a kwance a sa sabo. Stratocaster na da maɗaukan sauti uku, kowanne mai naɗi ɗaya, kuma muryarsu siririya ce mai haske, kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi. Tana kuma da wani mariƙin ƙarfe a gindin tsirkiyoyi wanda makaɗi ke dannawa ya sa amo ya yi lilo. Masoyanta suna cewa wannan haske ne ke hana sauti dagulewa idan amsa-kuwwa ta ninka shi sau biyar ko shida. Kowane amo yana nan a rarrabe.

Kamfanin Gibson na Kalamazoo a jihar Michigan ya mayar da martani a 1952 da jita mai ɗauke da sunan makaɗi Les Paul. An yi jikinta da katakon mahogani, dangin maɗacin da muka sani, aka lulluɓe samansa da wani katako mai tauri, aka manne wuya da jiki da gam. Ta fi nauyi, takan haura kilo huɗu, kuma tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, alhali ta Fender inci 25.5, don haka ta fi laushi a yatsa. Daga 1957 aka fara sa mata maɗaukin da injiniya Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, wanda ke kashe ƙugin da wutar gida ke cusawa cikin sauti. Sakamakon shi ne murya mai kauri da ɗumi, wadda ke daɗewa kafin ta mutu. Da irinta Robert Fripp ya shiga ɗakin Brian Eno a Landan, suka ratsa zaren tef guda ta cikin rikoda biyu, ta yadda duk abin da ya kaɗa sai ya dawo bayan 'yan daƙiƙu ya hau kan sabon da yake kaɗawa. Faifan da suka fitar a 1973 ana lissafa shi cikin tushen kiɗan natsuwa na zamani, kuma a cikinsa da ƙyar ake gane cewa jita ce. Ta fi kama da goge mai dogon numfashi.

To wa ya yi gaskiya? Tarihin makaɗan kansu yana rikita lissafin ɓangarorin biyu. Les Paul ɗin Peter Green ta 1959 ta yi suna ne saboda wata tangarɗa: ɗaya daga cikin maɗaukanta ya juye, sai ta riƙa fitar da siririyar murya mai fita ta hanci, wadda ba a san Gibson da ita ba. Jitar ta koma hannun Gary Moore, yanzu kuma tana wajen Kirk Hammett na Metallica. Shi kuwa Gilmour, wanda ake yi wa kallon sarkin Stratocaster, kiɗan da ya rufe "Another Brick in the Wall" kashi na biyu a 1979 da Les Paul ƙirar 1955 ya yi shi, kuma masu sauraro da yawa ba su taɓa lura ba. Ko a nan ɗin ma magoya bayan Gibson ba su cika baki ba, domin jitar ta riga maɗaukin Seth Lover zuwa duniya, nata masu naɗi ɗaya ne.

Najeriya ta taɓa shiga wannan labari ta ƙofar da ba a zata ba. Faifan King Sunny Adé na 1982, Juju Music, wanda kamfanin Island ya kai kasuwar Turai da Amurka, ya ba masu sharhi mamaki da sautin jitar kwance mai fedoji da Demola Adepoju ke kaɗawa, tana shawagi a saman gangunan Yarabawa. Jikanyar wadda aka ji a "Sleep Walk" ce. Daga baya Paul Simon ya gayyaci Adepoju cikin faifansa na Graceland a 1986.

Amma inda jitar lantarki ta zama harshen al'umma a maƙwabtanmu shi ne ƙasar Abzin. Salon da ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta assasa a zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya ana kiransa assouf, kalmar Abzinawa mai nufin kewa. Waƙa ce da baituka, ba kiɗa zalla ba, kuma a bukukuwan auren Agadas da zafi ake kaɗa ta. Duk da haka doguwar shimfiɗar da jita ke yi a kan amo guda ta sa masu son kiɗan natsuwa a Turai suka rungume ta. Bombino, wanda ya koyi hannu yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, dukansu gwanayen Stratocaster, ya ɗanɗana kuɗar sana'ar: lokacin tawayen 2007 hukumomi sun ɗauki jita alamar bore, aka kashe abokan kiɗansa biyu, ya tsere Burkina Faso, bai dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas ba sai a 2010. Mdou Moctar kuwa, bahago ne mai riƙe da farar Stratocaster a dandalin duniya, amma jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008 da salon waƙoƙin finafinan Hausa, ya bazu a Sahel daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

Ga matashin Abuja da ke tara albashi don sayen tasa, akwai abin da mujallun Turai ba sa faɗa masa. Kamfanonin biyu suna da ƙannen samfura masu rangwame, Squier na Fender da Epiphone na Gibson, kuma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da manyan sunaye a ka. Abu na biyu shi ne wuta. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maɗauki mai naɗi ɗaya yana zuƙar wannan ƙugi kamar eriya, balle a gidan da wayarsa ba ta da kyakkyawan haɗi da ƙasa, ko janareta na ruri a bayan taga. A kiɗa mai hayaniya ba a damuwa da shi. A kiɗan da rabinsa shiru ne, ƙugin shi ke cike gurbin, na'urar amsa-kuwwa kuma ta ƙara fito da shi fili. A nan naɗi biyun Gibson yana da hujja mai ƙarfi.

Masu Stratocaster ma suna da mafita. A yawancin samfuran zamani an naɗe maɗaukin tsakiya a juye, don haka idan aka ajiye makunnin zaɓe a matsayi na biyu ko na huɗu, maɗauka biyu suna aiki tare su kashe ƙugin. Waɗannan matsayi biyu ba sa cikin tsarin Leo Fender. Makunninsa mai tsayawa uku ne. Makaɗa ne suka gano wata murya mai daɗi a tsakanin tsayawa da tsayawa, suka riƙa tokare makunnin da tsinken ashana don kada ya zame, har sai da kamfanin ya sallama ya fito da mai tsayawa biyar a 1977.