Masar farko ba ta sayarwa ba ce

Duk mai tuyar masa da ta san sana'arta, ko a kasuwar Talata Mafara take ko a ƙofar gidanta a Maradun, ba ta ɗora tanda ta hau zuba ƙullu kamar ana korarta. Ludayi guda take fara zubawa, ta jira, ta juya, ta kwashe, ta ɓara ta leƙa ciki. Ta nuna har tsakiya? Tsami ya yi yawa, a ɗiga ruwan kanwa? Wuta ta ƙona baya ta bar ciki ɗanye? Sai ta gamsu take sakin hannu, domin gyaran ƙullu tun yana cikin roba ake yinsa.

To, manyan masana'antu ma haka suke yi. Ɗauki injin ban-ruwan da manomi ke ɗorawa a babur ya nufi gonarsa ta rani, a filayen da madatsar Bakolori ke shayarwa tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978. Fistin da ringi da boris ɗin cikinsa ba ɗaya-ɗaya ake ƙera su ba, dubu-dubu inji ke zubo su. Kafin a saki injin masana'antar ya yi ta aman kaya, sai a ɗauki na farko a kai ɗakin awo, a shimfiɗa zanen injiniya a gefe, a bi shi gaba-gaba: tsawo, kauri, faɗin rami, taurin ƙarfe, santsin jiki. Kuskuren da ake farauta wani lokaci bai kai kaurin silin gashi ba, amma shi ke sa injin ban-ruwan ya riƙa shan mai yana hayaƙi, shinkafa na jiran ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ita kanta masar ake jarrabawa ba, tandar da ƙullun da wutar ake yi wa tambaya. Shi ya sa ba a yarda a kawo samfurin da wani gwani ya zauna ya goge da hannu. Wannan ai masar da aka toya wa baƙo ce, an zuba mai har ya yi yawa, ba ita za a sayar wa jama'a gobe ba. Kamfanonin motocin Amurka, Ford da General Motors da Chrysler, sun haɗu a kan tsari guda tun 1993: mai kawo musu kaya ya kunna injinsa na kullum, da ma'aikatansa na kullum, ya fitar da aƙalla guda 300 a jere, daga ciki za a ɗebi na awo. In kuma mazubin ƙarfen yana da gurbi takwas, kowane gurbi sai an auna abin da ya haifa. Mai masa ta san wannan sarai, don a kowace tanda akwai gurbin da wuta ta fi ci, akwai na gefe mai jinkiri.

Kuma ba a cewa an ɗanɗana jiya. An sake buhun shinkafa, ko tanda ta fashe an sayo sabuwa? Sai an sake ɓara ta farko. Masu ƙera kayan jirgin sama sun rubuta wannan a ƙa'idarsu ta AS9102: in an sauya zane ko mazubi ko wurin aiki, ko an yi shekara biyu ba a ƙera abin ba, awo ya dawo sabo.

Sai harshen mai ɗanɗanon, wanda in mura ta kama shi ba ya jin gishiri. Kayan awo ma haka suke. A 1990 aka harba na'urar hangen taurari ta Hubble, hotuna suka riƙa zuwa dishi-dishi. Madubinta an goge shi daidai da abin da ma'auni ya ce, ashe ma'aunin ne aka haɗa ba daidai ba. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara. Saboda irin wannan ne kayan awon ma ake kai su awo lokaci-lokaci.

A ƙasarmu hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke sa ido, da tsarin SONCAP ga kayan da ake shigowa da su, da MANCAP ga na gida. Amma ba sai an je masana'antun Kaduna ko Nnewi ba. Ƙungiyar manoma a Bakura da za ta ba mai walda aikin ƙofofin magudanar ruwa talatin, ta karɓi guda tukuna, ta kafa ta a bakin kwata, a sako ruwa a ga ko tana yoyo, kafin a yanka ƙarfen sauran.