Yaran Da Zuciya Ke Fin Ƙarfinsu: Ko Hifnosis Zai Taimaka?

Da wuya a sami unguwar da babu yaron da aka sani da saurin fushi. Abin da bai taka kara ya karya ba sai ya sa shi birgima da kururuwa, ko jifa da kwanon abinci, in an jima kaɗan kuma ya koma kamar ba shi ba. Maƙwabta su ce rashin kwaɓa ne, tsofaffi su ce iska ce, uba kuwa ya ɗauko bulala. Amma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane cewa a cikin irin waɗannan yara akwai masu fama da ɗaya daga cikin lalurori biyu, waɗanda duka ba ya warkarwa.

Ta farko ita ce wadda ake kira ADHD a taƙaice, watau rashin iya tsai da hankali wuri ɗaya haɗe da ƙiriniya da gaggawar aikata abu ba tunani. Wani likitan yara na Ingila mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yara a Landan tun 1902, sunan da ake kiranta da shi yanzu kuwa a 1987 aka sa mata. An ƙiyasta tana samun yara kimanin 5 cikin 100, kuma takan bi da yawa daga cikinsu har girma. Ta biyu ita ce otizam, wadda wasu kan kira galahanga. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana ta a 1943, bayan ya duba yara 11 masu wahalar cuɗanya da mutane, masu tsananin son kome ya zauna yadda suka saba. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun.

INDA WAHALAR TAKE

Abin da ya fi gallabar iyaye shi ne sha'anin sarrafa zuciya. Sarrafa zuciya dabam yake da danne ta. Ma'anarsa ita ce mutum ya lura fushi ko tsoro yana tasowa, ya san sunan abin da yake ji, sa'an nan ya sami dabarar sassauta shi kafin ya kai ga hannu ko baki. Gaban ƙwaƙwalwa, can bayan goshi, shi ne ke riƙe da wannan linzami. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, wanda aka yi da hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, ya nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar masu ADHD yakan makara wajen nuna da kimanin shekara uku, musamman ta gaba. Ashe ke nan ɗan shekara goma yana iya zama da linzamin ɗan ƙasa da haka.

Mai otizam kuwa tasa wahalar ta wata fuska take. Ƙarar injin niƙa, ko hayaniyar biki, ko ƙaiƙayin sabuwar riga, suna iya taruwa su yi masa yawa har ya fashe. Da yawansu kuma ba su iya bambanta yunwa da tsoro da gajiya a jikinsu, balle su faɗa. Irin wannan fashewa ba ta neman a biya wata bukata ba ce, shi ya sa lallashi da alewa ko barazana ba su tsai da ita.

MENE NE HIFNOSIS?

A 'yan shekarun nan tallace-tallace sun yawaita a intanet, ana cewa hifnosis na magance wannan matsala. Asalin sana'ar daga Franz Mesmer ne, wani likita Bajamushe da ya shahara a Faris, wanda ya ce akwai wani ƙarfi kamar na maganaɗisu da ke gudana a jikin mutum. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin masana, har da Benjamin Franklin, suka bincika suka ce babu wannan ƙarfi, tunanin majiyyatan ne ke aiki. A 1843 wani likitan fiɗa a Manchesta, James Braid, ya sake duban abin, ya laƙaba masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin barci. A 1955 Ƙungiyar Likitocin Biritaniya ta yarda yana da amfani a wasu fannonin jiyya.

Duk da sunan, mutum ba barci yake yi ba, ba kuma sihiri aka yi masa ba. Mai jiyyar yakan zaunar da shi wuri shiru, ya sa shi jan numfashi a hankali, ya tattara hankalinsa kan abu guda, sa'an nan ya riƙa yi masa magana mai taushi. Misali ya ce ya ɗauka fushinsa tukunya ce bisa murhu, shi kuwa yana janye itace ɗaya bayan ɗaya. Mutumin yana jin kome, yana kuma iya tashi in ya so. Ba kowa ne abin ke kamawa daidai ba. Kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke shiga sosai, wasu kuwa kusan ba ya taɓa su.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Inda hifnosis ya fi samun shaida shi ne wajen rage zafin ciwo da fargaba, da kuma wani ciwon hanji mai sa murɗa da kumburin ciki, wanda Likita Peter Whorwell ya gwada a Manchesta a 1984. Game da ADHD kuwa shaidar ba ta da yawa. A 2010 Maarit Virta da abokan aikinta a Helsinki ta ƙasar Finlan sun gwada shi kan manya, suka ga sauƙi a wurin wasu, amma mutanen da aka gwada ba su wuce kimanin goma ba a kowane rukuni. A fannin otizam, likitan yara Laurence Sugarman na Rochester a Amurka ya haɗa hifnosis da na'urar da ke nuna wa yaro bugun zuciyarsa da numfashinsa, don ya ga da idonsa yadda jikinsa ke lafawa. Wannan ma bai kai matsayin babban gwaji ba.

Sabo da haka hifnosis ba ya cikin manyan hanyoyin da hukumomin lafiya suka tsayar don waɗannan lalurori, kuma ba ya raba mutum da su. Abin da aka fi tabbatarwa ga ADHD shi ne horar da iyaye da malamai dabarun tafiyar da yaro, da magunguna irin su Ritalin a hannun likita. Ga otizam kuwa akwai koyar da magana da cuɗanya, da rage hayaniya, da tsara yini yadda yaro zai san abin da ke tafe. Hifnosis yana iya zama ƙari ga wanda ya fahimci magana, ya kuma yarda da kansa. Lalle ne mai jiyya ya yi hattara da mai otizam, don da yawansu sukan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, misalin tukunya da murhu yana iya ruɗa su. Ba a kuma yi wa mai taɓin hankalin da ke sa gane-gane ko jiye-jiye.

Darasi ɗaya da iyaye za su ɗauka kyauta shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Numfashi a hankali, da faɗin sunan abin da ake ji, da sanin ɗakin da za a keɓe in abin ya taso, duk a lokacin kwanciyar hankali ake koya wa yaro su, ana maimaitawa kullum. Sa'ad da ya riga ya fashe, shiru da kāre shi daga rauni su ne kawai ke da amfani.

Wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗansa, sai ya fara da neman likita ya duba shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, suna da masu wannan aiki. Duk wanda kuwa ya ce zai warkar da otizam ko ADHD a zama kaɗan, ko ya ce a bar maganin likita a koma gare shi, to, a riƙe kuɗi a aljihu a tambaye shi inda ya yi karatun aikin lafiya.